Lallen da Inna ta kwaɓa mini

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin don Allah ki ɓoye sunana, kuma ki saka shi yadda na rubuta ko da ya yi tsawo, ban iya gajarce magana ba. Shawararku nake nema don girman Allah, musamman iyayenmu mata da ke ciki da kuma ma'aikatan asibiti, don na ga muna da su.

Ina da ƙaramin ciki, ya shiga wata na biyu, kuma amai ya fara. Mijina direban babbar mota ne, yana ɗaukar hatsi zuwa kudu, in ya tafi yakan yi mako biyu ko fiye bai dawo ba. Ƙarshen makon nan zai yi lodi, kuma yana so ya kai ni gidanmu a Maruta, can ƙasar Gwaram, kafin ya tafi. Mu a Birnin Kudu muke zaune. Na kasa ce masa to, na kasa ce masa a'a. Ba za ku gane dalili ba sai na ba ku labarin cikina na farko, shekara biyu da suka wuce.

Ni 'yar fari ce. Na san wasu a nan za su ce ai an daina wannan kunyar, to a gidanmu ba a daina ba. Tun da na buɗe ido Inna ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye in da mutane, ba ta zama inda na zauna. Gwaggo ce ta raine ni, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta. A ɗakinta na tashi, ita ke yi mini kitso, ita ta yi mini faɗan da ake yi wa 'ya mace. In Inna za ta ambace ni sai ta ce "ta Gwaggo". Ta Gwaggo ta ci abinci? A ce wa ta Gwaggo ta kwashe shanya. Ina tsaye a gabanta fa. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba, haka na ga ana yi, kuma ƙannena da suka biyo ni duk tana kiran sunansu tana wasa da su, ni ce kawai aka biya kunya da ni.

Bayan aurena da wata huɗu na samu ciki. Ni na zaci laulayi irin wanda nake gani ne, mace ta yi kwaɗayin tsamiya ta ɗan yi kasala ta miƙe. Nawa ba haka ya zo ba. Ruwa in na kurɓa sai ya dawo tun bai sauka ba. Warin sabulu, warin miyar maƙota, warin gas da ke jikin rigar maigidan, har man goge baki, komai ya zama abokin gaba. Yawu ya ƙi tsayawa, gwangwanin madara na cika da yashi nake yawo da shi ɗaki zuwa tsakar gida. Da abin ya yi nisa sai na koma aman wani ruwa ɗorawa mai ɗaci, wani lokacin da ɗigon jini saboda maƙogwaro ya kwaile. Zanina da nake ɗaurawa sau ɗaya ya koma yana zagaye ni sau biyu. Mijina mahaifiyarsa ta rasu, yayarsa mace tana aure a nesa da ƙananan yara, shi kuma ga tafiya. Ya rasa yadda zai yi da ni, sai ya yi abin da kowa ke yi, ya kai ni gida.

A Maruta babu wanda ya tsorata da farko. Matan unguwa suna shigowa sannu suna dariya ƙasa-ƙasa, wannan ta ce ɗa namiji ne shi ke wahalar da uwa haka, waccan ta ce ita a cikinta na fari ƙanƙara kawai ta rayu a kai, wata ta ce da ya shiga wata huɗu kamar an ɗauke da hannu. Ni kuma ga kunyar cikin fari, ko kalmar ciki ba na yarda a faɗa a gabana, sai in ja mayafi in juya wa bango fuska. Da aka ga na fara faɗuwa in na tashi zuwa bayi, sai aka kira Kawu.

Kawu ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ya taɓa aiki a wani ƙaramin asibiti yana taimaka wa ma'aikata, daga baya ya buɗe kemis, gari duk Likita ake ce masa. Ina so ku fahimce ni, don na san yadda ake yi a nan, kafin a gama karantawa an fara zagi. Kawu mutumin kirki ne. Ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya ka tashe shi zai hau mashin ya zo. Ya ce ruwan jikina ne ya ƙare, zai sa mini ƙarin ruwa. Jijiyoyina duk sun ɓuya, ya soka nan ya soka can, hannun dama ya koma na hagu, ina jin yana ta cewa sannu 'yata, sannu, zufa na ɗiga daga goshinsa. Da ƙyar ya samu wata siririya a bayan hannuna na hagu. Ya sa kanula, wannan 'yar robar da ke zama a cikin jijiya, ya naɗe da filasta, aka rataye ledar ruwan a ƙusar da Gwaggo ke rataye faifai. Da ruwan ya ƙare sai ya ce ba zai cire kanular ba, ba zai iya sake azabtar da ni haka ba, a bar ta, kullum in ya zo sai dai ya jona. Kowa ya sa masa albarka. Ni ma a raina na gode masa.

Kuma gaskiya ruwan ya yi amfani da farko. Idona ya ɗan washe, har na sha kunu cokali uku ya zauna. Haka aka ci gaba, yau a jona gobe a huta, kanula tana nan. Da ita nake kwana, da ita nake alwala ina kakkaucewa, ruwa yana dai taɓa wurin. Filastar ta yi baƙi, in ta saki sai a ɗora wata a kai. Ta haura mako guda, ta doshi na biyu. Sai wurin ya fara zafi, in Kawu ya tura allura ta ciki sai in ji kamar barkono yake bi ta hannuna har kafaɗa. Ban faɗa ba. Na ga mutum yana barin kemis ɗinsa yana zuwa saboda ni, in ce kuma abinsa yana mini ciwo? Daga nan zazzaɓi ya shigo, irin mai rawar sanyi, rana tsaka a lulluɓe ni da bargo haƙorana suna haɗuwa. Aka ce zazzaɓin laulayi ne, Kawu ya ce maleriya ce don damina ce, ya kawo allurarta, ita ma ta cikin kanular aka yi.

Duk wannan abin Inna ba ta shigowa ɗakin. Takan tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga labule kaɗan, ta tambayi Gwaggo, ta sha kunun? Ya tsaya? Sai ta saki labulen. Amma ina ganin inuwar ƙafafunta ta ƙasan labulen, ba ta tafiya nan da nan. Wata rana da hantsi na fitar da hannun daga mayafi saboda zugi, ya kumbura ya yi sulɓi, ja ya fara bin jijiya yana hawa. Ta ɗaga labule ta gani. Ta saki labulen ta juya. Akwai bishiyar lalle a bayan ɗakinta, can sai na ji daka a ƙaramin turmi. Bayan azahar ta miƙo wa Gwaggo 'yar ƙwarya ta ƙofa, ta ce, "Ungo, ki shafa wa mutuniyar taki, yana zuƙe zafi."

Gwaggo ta lafta mini shi tun daga yatsu har ya wuce wuyan hannu, ta zagaye kanular, har gefen filasta. Sanyinsa ya ratsa ni. Zan faɗa muku gaskiya, a duk kwanciyar nan wannan ce ranar da na ji daɗi. Ba don sanyin ba. Wannan ne abu na farko a rayuwata da na san Inna ta tashi ta yi shi da hannunta saboda ni kaɗai. Na kwanta ina shinshina hannun, kuma shi ne wari ɗaya da bai tayar mini da zuciya ba. Washegari ta sake kwaɓawa, jibi ma haka. Lallen ya kama ya yi jawur har ya koma baƙi-baƙi, babu mai iya bambance jan lalle da jan ciwo.

Ranar da abin ya ƙwace ban riƙe ta duka ba. An ce da safe na fara surutai, ina kiran Gwaggo da sunan wata malamarmu ta firamare, fitsari ya ɗauke, jikina ya yi sanyi bayan duk zafin nan. Kawu da ya zo ya gan ni shi da kansa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a nemo mota. An fara kai ni Gwaram, suna dubawa suka ce a wuce da ni Birnin Kudu kada a tsaya. Gwaggo ciwon ƙafa ya hana ta shiga mota, dole Inna ce ta shiga baya, aka ɗora kaina a cinyarta. Ina jin motar tana faɗawa ramuka, ina jin muryoyi kamar daga cikin rijiya. A nan ne na ji an kira sunana. Sunana na yanka, ba ta Gwaggo ba. Aka sake kira, aka sake, a hankali, bakin mai kiran dab da kunnena. Na daɗe ban gane muryar ba, don ban taɓa jin yadda sunan yake fita daga bakinta ba. Na so in amsa, harshena ya ƙi.

A asibiti abin da na fara tunawa shi ne wata nas tana ɓare filastar. Tana zare kanular mugunya ta biyo, wari ya cika wurin. Ta ɗaga murya ta ce wa ya lafta wa yarinyar nan lalle a kan ciwo, yanzu ta yaya za a ga inda abin ya kai? Ban ga laifinta ba, aikinta take yi. Amma Inna tana tsaye a bakin gadon. Suka ce ƙwayoyin cuta sun shiga jinina, sun fara taɓa ƙoda. Aka sa mini iskar numfashi, aka yi ta allurai, aka tsaga hannun aka matse. Ana cikin haka jini ya ɓalle. Aka yi sikanin aka ce babu bugun zuciya, aka yi mini wankin ciki. Lokacin da aka faɗa mini ina kallon fanka ne, na ce to. Matar gadon kusa da ni ce ta yi kukan, ni ina kallonta ina mamakin me ya same ta. Har yau ban yi kukan cikin nan ba. Ba dauriya ba ce, na nemi kukan ban same shi ba.

Na kusa wata a kwance. Ranar da za a sallame ni likitar da ke duba ni, wata mace mai sanyin magana, ta ja labule ta zauna a gefen gado, lokacin maigidan ya je karɓo magani. Ta tambaye ni wa ya sa kanular, na ce wani mai kemis ne. Ta tambayi kwana nawa ta yi, na faɗa mata iya abin da na tuna. Sannan ta ce in saurara da kyau. Ta ce irin laulayina ciwo ne mai zaman kansa, yana cinye ƙarfin jiki har mutum ya kasa yaƙar ƙaramar cuta, kuma kanula ba a barinta ta daɗe haka, ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jini, ta nan cutar ta shiga. Na ce lallen fa? Ta ce lallen ya ɓoye ciwon, bai kamata a sa ba, amma kafin a shafa shi cutar ta riga ta shiga, ai shi ya sa hannun ya kumbura tun farko. Ta ce irin wannan laulayin ya kan dawo a ciki na gaba, don haka duk ranar da na sake samu in zauna kusa da asibiti, amai na fin ƙarfina in taho, kada in yarda a sake sa mini ruwa a gida ko waye zai sa. Na ce to.

Ban faɗa wa kowa wannan maganar ba. Da farko ba ni da ƙarfin magana, daga baya kuma na tarar an riga an gama tsara labarin ba tare da ni ba. Laulayi ne ya zo da ƙarar kwana ga abin da ke cikin, Allah bai yi zai taka ƙasa ba, kuma da ba don ruwan da Likita ya yi ta sa mata ba da ita ma ba a same ta ba. Haka ake faɗa a Maruta har gobe. Kawu ya zo duba ni da ledar lemo, ya ga hannuna a naɗe ya fashe da kuka kamar yaro, mijina yana ba shi haƙuri yana masa godiya. Ban san ko ya gane ba, ko bai gane ba. Na karɓi lemon na ce an gode.

Inna kuwa, tun da na farfaɗo ta koma yadda take. A barandar asibiti ta yi jinyar, in ta shigo sai ta ajiye kwano ta tambayi duk wanda ke kusa ko ta Gwaggo ta samu barci. Ban taɓa nuna mata na ji abin da ta faɗa a mota ba. Da na je gida hutawa bayan sallama, na zagaya bayan ɗakinta na tarar an sare bishiyar lallen, kututture kawai ya rage. Babu wanda ya ce mini komai, ni ma ban tambaya ba. Salla huɗu aka yi tun daga nan, ban sake ganin lalle a hannun Inna ba, matar da ko sunan maƙota aka yi sai ta yi ƙunshi. Nawa kuma ya daɗe bai fita ba. Na fata ya goge, amma na farce sai da ya bi tsiro. Kullum ina kallon jan yana matsawa gaba, fari yana biyo shi, ina yankewa kaɗan-kaɗan. Lallen ya fi cikin daɗewa a jikina. Yatsuna biyu na hagu har yanzu ba sa lanƙwasuwa sosai, in zan tuƙa tuwo da tafin hannu nake danne tukunya.

Gwaggo ta rasu daminar bara, Allah Ya jiƙanta. Ita ce da zan iya faɗa wa komai, kuma da tana nan da ƙafarta da ita zan ɗauko ta zauna da ni, magana ta ƙare. Tun rasuwarta Inna ta rasa sunan da za ta kira ni da shi. Yanzu ta Birnin Kudu take cewa.

To yanzu ga wani cikin. Da na yi gwaji na ga layi biyu, na ajiye abin a kan taga na ci gaba da wanke-wanke. Mijina ya yi ta murna yana hamdala, ni ina jin kamar labarin wata ake ba ni. Ba na jin tsoro irin na bugun zuciya, ba na jin daɗi, kawai dai na nemo gwangwani na zuba yashi na ajiye, kuma bai yi kwana uku ba na fara amfani da shi. Na je asibiti da kaina, sun ba ni ƙwayoyin tsayar da amai, suna ɗan taimakawa, wata rana su zauna wata rana su dawo. Sun ce in na wuni ruwa bai zauna ba in zo a kwantar da ni, kuma lallai a samu mai zama da ni a gida don jiri.

A kan wannan muka samu saɓani da maigidan shekaranjiya, mu da ba mu saba ba. Na ce masa ni a nan zan zauna. Ya ce da wa? Na ce maƙociyarmu za ta riƙa leƙo ni. Ya ce matar da ke da 'ya'ya biyar da sana'ar awara, in na faɗi a bayi sai yaushe za ta sani? Ya ce shi ba zai iya riƙe sitiyari a hanyar kudu hankalinsa yana gida ba, kuma in ya ajiye motar mai ita zai ba wani, da me za mu ci. Gaskiyarsa ne. Sai na ɗan buɗe masa, na ce likita ta hana a sa mini ruwa a gida. Ya ce ai mai sauƙi ne, sai a faɗa wa Kawu ya bari. Shi a ganinsa magana ce ta minti ɗaya. Bai san gidanmu ba. Ranar da na kwanta ina kakarin amai idona ya faɗa, Kawu zai shigo da jakarsa don tausayi, Baba zai ce a taimaka mata mana, kuma babu mai buɗe baki ya hana mutumin da aka yarda shi ya ceci raina, sai in an faɗi dalili. Ni kuma a lokacin ba ni da ƙarfin ɗaga kai balle musu. Ga damina ta sauka, na san yadda hanyar take. Da ya ga na kafe sai ya ce to Inna ta zo nan ta zauna da ni. Na yi dariya, rabona da dariya har na manta. Inna ba ta taɓa taka gidana ba. Watan da ta yi a barandar asibiti, gidan nan yana nan kusa, ko wanka ba ta zo ta yi ba. In ta hango mijina rufe fuska take ta canza hanya. Ita ce za ta kwana a gidan surukinta na 'yar fari? Ya ce to ni na sani, ya gaji, ya fita. Ashe da ya fita sai ya kira Baba ya ce masa jikin nawa ya fara irin na wancan karon.

Jiya da la'asar wayata ta yi ƙara, lambar Baba. Na ɗauka na yi sallama, sai na ji kukan kaji. Can aka ce, "Ke ce?" Inna ce. Ba ta taɓa kirana a waya ba, ko gaisuwa ta bakin Baba take aikowa. Na gaishe ta ta amsa a gajarce. Sai ta ce, "An share ɗakin Gwaggo. Na sa an liƙe inda yake yoyo." Na ce to. Sannan ta ce, "Ni zan kwana da ke. Ba zan shafa miki komai ba." Ta miƙa wa Baba wayar.

Na daɗe zaune da wayar a hannu. Shekara biyu ke nan matar nan tana ɗauke da abin a ranta, ta yarda lallenta ne ya kashe jikanta ya kusa kashe ni, kuma ni na san ba haka ba ne, na bar ta da shi. In na faɗa mata gaskiya na sauke mata wannan kayan, amma na ɗora shi a kan ƙaninta, ɗan uwanta ɗaya da ya rage, mutumin da garin neman gira ya rasa ido saboda tausayina. Magana ba ta ɓuya a ƙauye, in ta fita kemis ɗinsa da mutuncinsa sun tafi, mijina ma ban san da wane ido zai sake kallonsa ba. Wani lokacin kuma sai in tuna akwai wasu matan da yake sa wa ruwa yanzu haka, ban sani ba ko yana bar musu kanular. In kuma na ƙi zuwa ban faɗi dalili ba, Inna za ta ce ta gane, ban yafe mata ba, alhali karo na farko ke nan da ta ajiye kunya ta ce in zo gare ta. In na je na yi shiru, na san abin da zai faru, na riga na gan shi sau ɗaya.

Don Allah kada ku ce mini in yi addu'a kawai, ina yi. Kada kuma ku zagi Kawu ko Inna, ba zai amfane ni ba. Abin da nake tambaya shi ne, wa zan fara faɗa wa, mijina, ko Inna, ko in kira Kawu shi kaɗai in gaya masa abin da likita ta ce in bar shi da Allah? Akwai wadda ta taɓa roƙon mahaifiyarta ta karya irin wannan kunyar ta zo gidanta, kuma da wane baki aka fara? Ma'aikatan asibiti, akwai yadda za a yi in je gida kuma in tsira, ko dai kada in yaudari kaina? Ni kaina ya tsaya, ko me na ɗauka sai in ji bai da nauyi bai da sauƙi, kamar hannun da aka kwanta a kai.

Juma'a zai yi lodi, yana jiran amsata kafin nan. Zan riƙa karanta abin da kuka rubuta in amai ya bar ni. Sau ɗaya na taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata, kuma sai da ta zaci mutuwa nake yi ta faɗe shi. Ina so in sake ji, amma wannan karon ina so a ce ina da bakin amsawa. Ku faɗa mini yadda zan yi.